Dodon da Ake Nunawa da Wanda Ba a Nunawa

A shekarar 1962, lokacin da aka fara zana labarin Spider-Man a wata mujallar hotuna ta Amurka, gizo-gizon da ya ciji Peter Parker tururin nukiliya ne ya buge shi. Bayan shekara arba'in, a 2002, darakta Sam Raimi ya mai da labarin fim. Yaron na nan yadda yake, maraya a hannun baffansa, cizon ma na nan, amma gizo-gizon ya sauya: yanzu an ce masana ne suka taɓa ƙwayoyin gadonsa a ɗakin gwaje-gwaje. Babu wani sabon abu da aka gano game da gizo-gizo a tsakanin shekarun nan. Abin da ke hana mutane barci ne ya sauya. A 1962 Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi cirko-cirko a kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba, kowa na jiran bam ya faɗo. A 2002 kuwa ba a daɗe da haihuwar tunkiya Dolly ba, wadda masana suka samar ta hanyar kwafin halitta, kuma jaridu cike suke da labarin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Haka Godzilla: Japanawa sun fito da shi a 1954, shekara tara bayan Hiroshima, kuma gwajin bam ne ya tashe shi daga teku.

Ƙannena, na fara da wannan ne don ku san da wa kuke hulɗa in kun zauna kallo. Mai shirya fim ɗan kasuwa ne, kuma hajar da ta fi tafiya a kasuwarsa ita ce tsoro. Yakan leƙa abin da jama'a ke fargaba a zamaninsa, ya ɗinka masa riga, ya dasa masa haƙora. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan, kuma wasunsu gwanaye ne na gaske. Ni ma ina kallo, ba kuwa zan ce ku daina ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ji samari da 'yan mata masu hankali, wasu har suna jami'a, ana gardama a kan rigakafi ko irin shuka ko gwajin jini, sai hujjarsu ta ƙare a kan "ai an nuna a fim".

Tatsuniya ta fi fim ladabi ta nan. Kaka in za ta ba da labarin Gizo da Ƙoƙi takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", kowane yaro ya san an shiga ƙirƙira an fito. Fim ɗin kimiyya ba ya yi muku wannan alfarma. Sai ya sa wa ɗan wasa farar riga da tabarau, ya cika masa baki da kalmomin da masana ke amfani da su, ya hasko allon kwamfuta da zaren gado yana juyawa. Kalmomin na gaskiya ne, abin da aka ɗora a kansu ƙage ne, kuma ba a sa alama a inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma masu karin maganar ba su riski zamanin da ake ƙera ganin a kwamfuta ba.

Mu ɗauki Jurassic Park na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1993 daga littafin Michael Crichton na 1990, don shi ne uban wannan layi. Dabarar da ke ciki akwai daɗin ji. Sauro ya sha jinin dainoso, ya sauka a jikin itace, ƙaro ya zubo ya lulluɓe shi, ƙaron ya daskare ya yi tauri, sauron na kwance ciki miliyoyin shekaru. Sai masana su huda, su zuƙo jinin, su karanta zaren gadon da ke ciki, wato abin nan da likitoci ke kira DNA, su cike inda ya ɓace da na kwaɗo, su ƙyanƙyashe ƙwai. Kowane mataki in ka ji shi sai ka ce zai yiwu. Har masana ma zazzaɓin ya kama su. Ana gobe za a fara nuna fim ɗin a sinimomin Amurka, mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahoton wasu masu bincike da suka ce sun ciro zaren gado daga wani ƙwaro da ya haura shekara miliyan 120 cikin ƙaro. A 1994 wasu suka ce sun samo na dainoso kansa daga ƙashi. Da aka bi diddigi, na ƙashin nan ashe na mutum ne, gurɓata ce ta shiga samfurin. Na ƙaron kuwa, masana a gidan adana kayan tarihin halittu na Landan sun yi ta maimaita irin gwajin ba su sami komai ba.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Zaren gado abu ne mai ruɓewa. Da zarar rai ya fita, ruwa da zafi da ƙananan halittu sun fara kakkarya shi. A 2012 an auna ƙasusuwan moa, wani ƙaton tsuntsu na Niyu Zilan da ya ƙare a duniya, aka ƙiyasta cewa duk shekara 521 rabin mahaɗan zaren ke tsinkewa. A 2021 an iya karanta na haƙorin wata giwa mai gashi daga ƙanƙarar Saberiya, wanda ya ɗan haura shekara miliyan ɗaya. A 2022 aka tono gutsattsarin wanda ya kai shekara miliyan biyu a ƙasar Girinlan, aka yi ta murna don ba a taɓa samun mai tsufansa ba. Dainoso kuwa masana sun ƙiyasta ƙarewarsu da shekara miliyan 66. Wannan tazara ba ƙwazo ko kuɗi ke cike ta ba. Ku kuma lura da yadda aka gano kurakuran 1993 da 1994: wasu masana ne suka sake gwajin suka ƙaryata 'yan uwansu a bainar jama'a. Wannan maimaici mai gundura shi ne ƙashin bayan kimiyya, kuma ba kasafai ake sa shi a fim ba, don ba wanda zai sayi tikiti ya kalli mutum yana yin gwaji ɗaya sau hamsin.

Maganar kwafin halitta ta fi wannan rikita mutane. A The 6th Day na 2000, Arnold Schwarzenegger ya dawo gida ya tarar da wani shi ɗin, da girmansa da muryarsa da duk abin da yake tunawa, yana zaune da iyalinsa. Ga yadda abin yake a zahiri. A Cibiyar Roslin ta Sikotilan, Ian Wilmut da abokan aikinsa sun ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka haɗa ta da ƙwan wata tunkiyar da aka cire wa nasa zaren gadon. Sun yi wannan haɗi sau 277, rai ɗaya tak ya fito. Ranar 5 ga Yuli 1996 aka haifi Dolly, 'yar tunkiya mai rawar ƙafa kamar kowace, bayan wata tunkiyar ta yi goyon cikinta. Ta sha nono, ta girma, ta haifi 'ya'ya shida, ciwon huhu ya kama ta, ta mutu a 2003. Babu abin da ta gada na tunanin tsohuwar tunkiyar, don tunani ba a zaren gado yake zaune ba. A ƙarshen 2001 aka yi kwafin kyanwa a wata jami'a ta Texas, aka sa mata suna CC. Wadda aka kwafo ta daga gare ta tana da dabbare-dabbaren ruwan lemo, ita kuwa CC ko ɗigo ba ta da shi. Zaren gado ɗaya, gashi daban. Duk wanda ya zauna da Hassan da Husaini masu kama ɗaya ya san wannan tun kafin a gina ɗakin gwaji: kama ba ta sa su zama mutum ɗaya.

Sai kuma lokaci. Fim awa biyu gare shi, don haka allura ɗaya ta isa ta mai da mutum dodo kafin a gama kiɗan taken. A Rampage na 2018, gwaggon biri da kyarkeci da kada sun shaƙi wani sinadari da aka jingina wa fasahar gyaran gado ta CRISPR, cikin 'yan kwanaki suka kai girman bene. Ku tambayi kanku daga ina naman ya fito, me suka ci, da wane ƙashi suka ɗauki wannan nauyi. Haka kuma masanin fim kusan kullum shi kaɗai ne, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, da gashi a hargitse da girman kai. Wannan hoto tsoho ne, tun daga littafin Frankenstein na Mary Shelley a 1818 da fim ɗinsa na 1931. Aikin karanta zaren gadon ɗan Adam, mai haruffa kusan biliyan uku, an fara shi a 1990 aka kammala a 2003, cibiyoyi ashirin a ƙasashe shida suka yi taron dangi a kansa. Kuma a 1974, da aka fara iya haɗa zaren gadon wata halitta da na wata, masanan da kansu ne suka yi kira a dakata, suka taru a Asilomar ta Kalifoniya a 1975 suka shata wa kansu iyaka.

Akwai fim ɗaya da nake so ku nema ku kalla a natse, Gattaca na Andrew Niccol, 1997. Ba dodo a ciki, ba harbe-harbe, kuma bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito. An haifi Vincent ba tare da likitoci sun tace masa ƙwayoyin gado ba, ana yanke cibiya aka ɗiga jininsa a na'ura, ta ce zuciyarsa za ta ba shi matsala kuma da wuya ya wuce shekara talatin. Daga ranar nan ƙofofi suka rufe masa. Yana son zuwa sararin samaniya, aikin shara aka ba shi. Sai ya ari jini da fitsari da gashin wani da aka tace, Jerome, wanda haɗari ya nakasa, yana manna wa yatsunsa 'yar jakar jinin aro kullum safiya don ya wuce ƙofar ofis. Abin tsoron da ke fim ɗin ba ya buƙatar wata fasahar da ba a ƙirƙiro ba, mutane ne da takardar sakamakon gwaji a hannu suna yanke wa wani hukunci. Kuma ya riga ya faru. A Amurka an taɓa hana baƙaƙen fata masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila shiga makarantar horar da hafsoshin sojan sama, alhali lafiyarsu ƙalau, sai a 1981 aka janye hanin. A 2008 ƙasar ta yi dokar da ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda sakamakon gwajin gado.

Duk da haka Gattaca ma ya yi wa na'ura kirarin da ba nata ba. Babu gwajin da zai faɗa muku ranar mutuwar jariri ko kaifin basirarsa. Tsayi kaɗai, abin da ake aunawa da tef, wani bincike na 2022 a kan mutane sama da miliyan biyar ya gano wurare fiye da 12,000 a zaren gado da ke da hannu a cikinsa, kowanne da ɗan tasirinsa, sannan ga abinci da cututtukan yarinta. To ina ga basira ko hali ko jarunta? In kun ji an ce an gano ƙwayar gadon hazaƙa ko ta mugunta, ku riƙe aljihunku.

Akwai dai cututtukan da wuri ɗaya ne tak ya sauya, kuma babbar cikinsu tana cikin gidajenmu. Sikila harafi ɗaya ne cikin biliyan uku. Wannan sauyi yana sa sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a jini ya riƙa dunƙulewa, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin nan da ke sa yaro ya kwana yana kuka. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabinta. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, har da na rukunin gadon jini. Ga abin da nake so ya zauna muku, don na sha jin ana kuskurensa: in AS, wato mai ɗauke da rabin ƙwayar, ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito SS, wato mai cutar, ba, a ce an haifi na farko da ita saura uku sun tsira. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, ɗaya cikin huɗu, ko na nawa ne. Ana iya haifar biyar a jere ba mai ita, ana iya haifar uku a jere duk da ita. Kuma mai AS ba mara lafiya ba ne, kada a mai da shi abin gudu. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu rabin ƙwayar sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa ta yawaita a ƙasashenmu ke nan. Fim yakan raba ƙwayoyin gado gida biyu, masu kyau da miyagu. Wannan ɗaya ce, tana kariya a jikin wani tana azabtarwa a jikin wani.

Yanzu ku dubi yadda gyaran gado na gaskiya yake. CRISPR ɗin da Rampage ya ari sunansa, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ne suka nuna yadda za a yi aiki da shi a 2012, daga wata dabara da bakteriya ke kare kansu da ita, suka sami kyautar Nobel a 2020. A 2019 wata Ba'amurkiya mai sikila, Victoria Gray, ta yarda a gwada shi a kanta. Da farko ana ba majiyyaci maganin da zai koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo, a haɗa shi da na'ura ta tace su, wani lokaci sai an maimaita. A kai ƙwayoyin ɗakin gwaji a yanke wani wuri a zarensu, don jiki ya koma yin irin sinadarin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya dunƙulewa. Wannan kan ɗauki watanni. Sannan a ba majiyyacin magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya kashe tsohon ɓargon. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har haɗiyar ruwa ta gagara, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, kuma ana iya rasa haihuwa. Sai a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, a yi makonni a kwance a asibiti ana jiran su kama. Gray ta rabu da ciwon da ya yi ta kai ta asibiti tun tana jaririya. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.

A nan dodon yake, in kuna neman dodo. An sami maganin cutar da ta fi yawa a ƙasarmu, kuma kusan ba ɗan ƙasarmu da zai iya sayensa. A lokaci guda akwai yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar don ba a gwada su da wuri ba, ba su samun fenisilin da kariyar cizon sauro da haidiroksiyuriya, waɗanda ba su kai ko kusa da wannan tsada ba. Wannan labari ba shi da akta ba shi da bos, shi ya sa ba za ku gan shi a allo ba.

Na san abin da wani zai ce: to su kamfanonin magunguna waliyyai ne? A'a. Da yawanku kun kalli Krrish 3 na 2013, wasu ma a fassarar Hausa. Kaal, wanda Vivek Oberoi ya fito a matsayinsa, yana haɗa mutane da dabbobi, ga mai harshen kwaɗo, ga mace mai rikiɗar hawainiya. Yana kuma ƙera cuta ya sake ta a Namibiya, sannan ya sayar da maganin. In ɗan Kano ya kalli wannan ya gyaɗa kai, ruwa ba ya tsami banza. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi wani maganin da aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai gudun ma yana da farashi. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake yaɗuwa, ta tsallaka ƙasashe har Yaman da Indunusiya, kuma yaranmu ne suka fara rasa ƙafafunsu.

Ba mu kaɗai fim ke ruɗawa ba. A 2021 an sami mutane a Amurka da suka ƙi allurar korona don wai a I Am Legend na Will Smith rigakafi ne ya mai da mutane dodanni. Ko fim ɗin ma ba su kalla da kyau ba: ƙwayar cutar ƙyanda ce aka sauya don maganin ciwon daji, ba rigakafi ba. Sai da ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, Akiva Goldsman, ya fito ya ce shi ya ƙaga labarin.

Masanin da ya fi kama da na fim a zamaninmu shi ne He Jiankui na Shenzhen a China. A Nuwamban 2018 ya sanar ta YouTube cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa wa ƙwayar gado tun suna ɗan tayi, wai don kada ƙanjamau ya kama su. Ba su da fukafukai, ba su da ƙarfin tsiya. Abin da ya faru ya fi haka muni kuma ya fi haka shiru: gyaran bai fito yadda ya nufa ba, akwai hanyoyin kare jarirai daga cutar da ba su buƙatar wannan kasada, kuma sauyin zai iya bin zuriyarsu. Kotu ta same shi da ƙirƙirar takardun amincewar kwamitin ɗa'a, ta ɗaure shi shekara uku a Disamban 2019. Ku dubi wannan ku dubi na Kano, tambayoyin iri ɗaya ne. Wa ya ba da izini, ya kuma fahimci abin da ya sa wa hannu? Wa ke sa ido? Wa zai ci riba, wa zai ɗauki asara in abin ya ɓaci? Wanda hankalinsa ke kan neman dodo ba zai tuna ya yi waɗannan tambayoyi ba.

Su ne kuma ya kamata ku tafi da su gona. A 2019 Najeriya ta amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa, tana sa shi yin sinadarin da ke kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanso. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas ana sa ran ya koma sau biyu. Ba ya maganin sauran ƙwari, ba ya kuma hana ƙwaron da ke cin wake a buhu. A 2024 aka amince da masarar TELA, gardama ta tashi har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike. Ina ganin gardamar halas ce, muddin da hujja ake yin ta. Ku tambaya me za a yi in tsutsar ta saba da sinadarin, don an ga haka a wasu ƙasashe da wasu amfanin gona. Ku tambaya nawa ne irin, a hannun wa yake, me zai faru da namu na gargajiya, kuma hukumar da aka kafa a 2015 don sa ido tana da kayan aiki da 'yancin cewa a'a ko kuwa. Amma zancen cewa irin ba ya tsirowa in an sake shuka shi, ku san asalinsa: an yi rajistar wata fasaha mai yin haka a Amurka a 1998, duniya ta yi ca, ba a taɓa sayar da ita ba. Masarar aure kuwa, ko an taɓa gadonta ko ba a taɓa ba, yabanyarta kan ragu in an shuka 'ya'yanta, manoma sun daɗe da sanin haka. Mai ciwon sukari ma da ke yi wa kansa allurar insulin, tun 1982 aka fara samar da ita daga bakteriyar da aka sa wa ƙwayar gadon mutum. Kafin nan daga jikin aladu da shanu ake ciro ta.

Abu na ƙarshe da fim ke cusa muku ba tare da kun ankara ba shi ne wa ke sanye da farar rigar. Kusan kullum Bature ne ko wani daga nesa, Afirka kuwa ita ce inda ake sakin cutar. A zahiri ma akwai giɓi: 'yan Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a duniya, amma a manyan binciken da ake danganta gado da cututtuka, kasonsu bai kai uku cikin ɗari ba. Sakamakon da aka gina a kan jinin Turawa ba dole ya yi daidai a kan Bahaushe ko Babarbare ba, kuma ba wanda zai zo ya cike mana wannan don Allah. An fara dai. Da aka tabbatar da mai korona na farko a Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, cikin 'yan kwanaki Farfesa Christian Happi, haifaffen Kamaru, da abokan aikinsa a cibiyar binciken ƙwayoyin gadon cututtuka ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, tare da wasu cibiyoyin ƙasar, suka karanta zaren gadon ƙwayar cutar, karo na farko a nahiyar. Cibiyar tana horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku. Wanda ke aji huɗu na sakandare yanzu kuma yake jin abin nan ya ja shi, ya riƙe ilimin halittu da na sinadarai, kada kuma ya yi wasa da lissafi, don yawancin aikin karanta zaren gado a yau a gaban kwamfuta ake yin sa.